HORAR DA MALAMAI DOMIN YARAN DA KARATU YA KE YI WA WUYA

A kusan kowace makarantar firamare, ta birni ko ta ƙauye, ba a rasa wani yaro wanda al'amarinsa ya ke ɗaure wa malamai kai. In an yi tambaya da baki shi ne na farkon ɗaga hannu, in an aike shi kasuwa ba ya kuskuren canji, in kuwa an yi tatsuniya a gabansa zai maimaita ta daga farko har ƙarshe. Amma da zarar an buɗe masa littafi sai ya daburce. Ya kan shekara uku ko huɗu a makaranta bai iya karanta layi ɗaya sosai ba. Malami ya ce lalaci ne, uba ya ce ɗansa ba shi da kan boko, 'yan aji kuma su laƙaba masa sunan daƙiƙi. Ƙarshenta sai a fid da shi daga makaranta, ko shi da kansa ya gudu.

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, tun da ya ke su ne a kusa da iyayen yara, su ne kuma a ke kawo wa ƙara in yaro ya ƙi makaranta. Abin da a ke so a fahimta shi ne, da yawa daga irin waɗannan yara suna da wata larura sananniya wadda masana suka daɗe suna bincike a kanta, kuma abin da ya fi kome amfani gare su shi ne malamin da aka horar ya gane larurar da wuri, ya san yadda zai koyar da mai ita.

1. Mece ce wannan larura?

Sunanta a bakin masana disileksiya. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta kuwa wahala game da kalmomi. A cikin wannan darasi za mu riƙa kiranta larurar karatu.

Domin a gane ta, sai a fara duba abin da mai koyon karatu ya ke yi. Kowace kalma da mu ke faɗa a haɗe ta ke da ƙananan sautuka. Kalmar “kaza” tana da sautuka huɗu, in aka cire na farko aka sa “m” sai ta koma “maza”. Rubutu kuwa dabara ce ta ba kowane sauti alamarsa, watau harafi. To, mai koyo tilas ne ya iya rarrabe sautukan da kunnensa, ya ɗaura kowanne da harafinsa, sa'an nan ya harhaɗa su da sauri har kalma ta fito. Yawancin yara su kan iya wannan in an koya musu. Mai larurar karatu a nan ya ke cijewa. Kunnensa lafiya lau, idonsa ma haka, amma rarrabe sautukan cikin kalma da riƙe su a ka yana yi masa nauyi ƙwarai. Hotunan ƙwaƙwalwa da likitoci suka ɗauka sun nuna cewa waɗansu wurare na ɓangaren hagu, waɗanda su ke haɗa harafi da sauti, ba su aiki a wurinsa kamar yadda su ke yi a wurin sauran masu karatu.

Larurar ba ta da dangantaka da yawan basira ko ƙarancinta. Ana samunta ga mai kaifin hankali, ana samunta ga matsakaici. Kowa ya san mai in'ina yana iya zama mafi hikima a gari, harshensa ne kaɗai ya ke sarƙewa. Haka wannan ta ke, sai dai ita a kan takarda ta ke bayyana. Tana kuma bin jini. A shekarar 2016 waɗansu masana biyu, Margaret Snowling da Monica Melby-Lervag, suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka tarar cewa a cikin yaran da uwa, ko uba, ko wani ɗan ɗakinsu ya ke da larurar, wajen 45 cikin 100 su ma su kan same ta.

Game da yawanta, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin kowane 100. In aka bi wannan lissafi, aji mai yara 60 zai ƙunshi 3 zuwa 6, gunduma mai 'yan makaranta 10,000 kuwa za ta ƙunshi 500 zuwa 1,000. Wannan adadi ya isa a ce maganar ta shafi kowane hakimi.

2. Yadda aka gano ta

Likitoci ne suka fara lura da ita. A shekarar 1877 wani likitan Jamus, Adolph Kussmaul, ya ba da bayanin manyan mutane waɗanda ciwon ƙwaƙwalwa ya raba su da iya karatu alhali suna gani suna magana, ya kira abin makantar kalma. A 1887 wani likitan ido na birnin Stuttgart, Rudolf Berlin, ya buga littafi da sunan disileksiya. Sa'an nan a 1896 Dokta Pringle Morgan na Ingila ya buga labarin wani yaro mai shekara 14 a mujallar likitocin Biritaniya. Yaron yana da wayo, yana iya lissafi, bai taɓa yin wani rauni a ka ba, amma bayan shekaru ana koya masa ko sunansa ba ya rubutawa daidai, sai ya juya haruffan. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai a ke koyarwa, da babu wanda zai wuce shi a makarantar. Daga nan aka gane cewa ana iya haihuwar mutum da larurar.

Da fari an zaci ciwon a ido ya ke. Sannu a hankali bincike ya kai ga cewa tushensa yana wajen sautukan magana. A Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Samuel Orton ya shiga nazarin irin waɗannan yara tun daga 1925, kuma a cikin shekarun 1930 waɗansu malamai mata biyu, Anna Gillingham da Bessie Stillman, suka tsara hanyar koyarwa bisa ga bincikensa. Tun daga lokacin nan nauyin aikin ya fara tashi daga hannun likita yana komawa hannun malamin aji, domin babu allura ko ƙwayar magani da ke warkar da larurar, koyarwa ce kaɗai ta ke sauƙaƙa ta.

3. Yadda Ingila ta tsara horon malamanta

Ya kamata mu dubi ƙasa ɗaya wadda ta zauna ta tsara wannan aiki, domin mu ga abin da za a iya ɗauka. A shekarar 2008 Gwamnatin Ingila ta ɗora wa wani tsohon babban sufeton makarantu, Sir Jim Rose, aikin bincika yadda a ke gane masu larurar karatu da yadda a ke koyar da su. Ya miƙa rahotonsa a watan Yuni na 2009, Gwamnati kuwa ta karɓi shawarwarinsa, ta ware fam miliyan 10 da niyyar horar da malamai ƙwararru 4,000.

Abin lura a cikin rahoton shi ne bai ce a mai da kowane malami gwani ba, domin wannan ba zai yiwu ba. Ya kasa horon hawa uku. Hawa na farko na dukan malamai ne: kowa ya san alamun larurar, ya iya koyar da karatu ta hanyar sauti, ya kuma riƙa lura da ci gaban kowane yaro. Hawa na biyu na malami ɗaya ko biyu ne a kowace makaranta, waɗanda za su iya gwada yaro su shirya masa ƙarin darasi. Hawa na uku na ƙwararru ne kaɗan, kowannensu yana zagaya makarantu da dama, yana duba yaran da al'amarinsu ya gagari na ƙasa da shi, yana kuma horar da sauran malamai. Tsarin ya yi kama da na mai unguwa da dagaci da hakimi: ƙaramar magana a kashe ta a unguwa, wadda ta fi ƙarfi a kai ta gaba.

Har wa yau, daga shekarar 2012 Ingila ta sa a riƙa gwada kowane yaro mai kimanin shekara 6 da kalmomi 40. Rabinsu kalmomi ne na gaskiya, rabi kuwa na ƙirƙira ne marasa ma'ana, domin a tabbata yaro yana haɗa haruffa ne, ba hadda ya yi ba. Malamin da yaro ya saba da shi ne ya ke yin gwajin, cikin 'yan mintoci. A shekarar farko yara 58 cikin 100 ne suka kai makin da a ke nema, a 2019 kuwa suka kai 82. Gwajin nan shi kaɗai ba ya tabbatar da larura, amfaninsa shi ne ya nuna wa malami yaran da za a sa wa ido tun kafin su yi nisa a baya.

4. Abu na farko da malami zai koya: gane alamu

Alamun su kan sake kama bisa ga shekarun yaro. Kafin ya shiga makaranta, a kan ga ya yi jinkirin fara magana, ko yana birkita gaɓoɓin doguwar kalma bayan tsaransa sun daina, ko waƙoƙin wasa ba su zama a kansa.

A aji ɗaya da aji biyu, ga abin da malami zai duba. Yaro ya kan koyi harafi yau, gobe ya manta. In an tambaye shi da wane sauti “masara” da “madara” suka fara, sai ya yi shiru. In an ce ya kawo kalmar da ta yi amo ɗaya da “dawa” da “rawa”, ba ya iya kawo “nawa”. Ya san “ka” ya san “za”, amma haɗa su su zama “kaza” ya gagara. Ya kan dubi harafin farko ya cinci sauran, ko ya dubi hoto ya faɗi abin da ya gani.

Daga aji uku zuwa sama, karatunsa ya kan zo da jan ƙafa, yana tsallake ƙananan kalmomi, yana ɓata layi. A rubutu ya kan juya haruffa, ya sa “sakri” maimakon “sarki”, ko “gamra” maimakon “garma”, ya kuma rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda. Kwafe rubutu daga allo ya kan cinye masa dukan lokacin darasi. Jerin kwanakin mako, da watanni, da jadawalin sau, su ma su kan ba shi wuya. Daga baya sai halinsa ya sake, ya riƙa neman fita duk lokacin da aka zo karatu, ko ya zama mai tsokana domin ya rufe kunyarsa.

Akwai kurakurai biyu da horo ya ke kawar wa malami. Na farko, zaton cewa duk yaron da ya rikita “b” da “d” yana da larurar. Yara da yawa su kan yi haka har wajen shekara 7, ya wuce da kansa, sai in ya daɗe tare da sauran alamu ne ya zama abin dubawa. Na biyu, zaton cewa larurar ta maza ce. A 1990 Dokta Sally Shaywitz da abokan aikinta suka gwada yara a jihar Connecticut ta Amurka, suka tarar makarantu suna kawo sunayen maza ninki biyu zuwa huɗu na mata, alhali gwaji ya nuna tazarar ba ta kai haka ba ko kusa. Dalili kuwa, yaro ya kan yi fitina a gan shi, yarinya ta kan yi shiru a bayan aji har a manta da ita.

5. Rarrabe mai larura da wanda ba a koya wa ba

Wannan shi ne wuri mafi wuya, shi ne kuma ya fi shafar makarantun ƙasar Hausa. Inda aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, yara kuma suna fashi da damina domin aikin gona ko ranar kasuwa domin talla, za a sami yara da yawa waɗanda ba su iya karatu ba alhali ba su da wata larura. In aka yi gaggawar sa musu suna an zalunce su, an kuma ba malalacin malami hanyar kuɓuta.

Saboda haka malami horarre ya kan bi matakai. Da farko ya duba rajista ya ga ko yaron yana zuwa kullum. Sa'an nan ya bincika ko yana ji sosai, ko yana gani daga inda ya ke zaune, domin ciwon kunne mai ruwa da raunin ido su kan hana karatu, su kuwa maganinsu yana asibiti. Ya tambaya kuma ko yaron yana jin harshen da a ke koyarwa da shi, ko yana zuwa da yunwa. In duk waɗannan sun fita, sai ya ware shi tare da 'yan'uwansa uku ko huɗu, ya ba su ƙarin darasin sauti kowace rana har tsawon zango ɗaya, yana rubuta abin da kowa ya iya a ƙarshen mako.

An gwada wannan hanya. A 1996 Frank Vellutino da abokan aikinsa suka ba da sakamakon wani bincike da suka yi a jihar New York. Sun ɗauki 'yan aji ɗaya waɗanda suka fi kowa rauni a karatu, aka riƙa ba kowanne darasin rabin sa'a kullum shi kaɗai. Bayan rabin shekarar makaranta, wajen kashi biyu cikin uku suka kamo tsaransu. Waɗannan ashe koyarwa ce ba ta ishe su ba. Sauran da suka ci gaba da wahala duk da kyakkyawar koyarwa, a cikinsu ne masu larurar su ke. Darasin da ke cikin wannan shi ne, ba a iya gane mai larurar karatu sai a ajin da a ke koyar da karatu sosai. Horon da zai amfani waɗannan yara kaɗan, shi ne dai zai amfani ajin gaba ɗaya.

6. Abu na biyu da malami zai koya: taimako

Koyarwar da ta ke yi wa mai larura amfani tana da ƙa'idodi sanannu, kuma ba ta bukatar kayan tsada.

A fara da kunne kafin ido. Yara su tafa gaɓoɓin kalma, ta-bar-ma tafi uku, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. A ba su tsakuwa su ajiye ɗaya domin kowane sauti da suka ji a cikin “gero”. A ce su cire farkon “dawa” su sa “r”.

A koyar da haruffa bi da bi, kaɗan kaɗan, ba a barin yaro ya cinta. Kada a shiga sabon harafi sai na baya ya zauna, kuma kowane darasi ya fara da tilawar na jiya. Haruffan da suka yi kama, kamar “b” da “d”, a raba lokacin koyar da su da makonni.

A haɗa ido da kunne da baki da hannu a lokaci guda. Yaro ya dubi harafi, ya faɗi sautinsa, yana zana shi da yatsa a kan rairayi ko yana gina shi da yumɓu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a makarantar allo ma da babbaƙu a ke farawa, a bi da farfaru, kafin a kai ga haɗa baƙi, yaro yana bin kowane harafi da yatsa yana faɗa da ƙarfi. Sai dai a lura, yaro mai ƙarfin hadda yana iya biya shafi duka da ka, a zaci karantawa ya ke yi. Domin haka ne a ke gwada shi da kalmomin ƙirƙira irin su “mibu” da “gime” da “rebu”, waɗanda bai taɓa ji ba.

Darasi ya zama gajere amma kullum. Minti 20 ko 30 kowace rana ya fi sa'a biyu sau ɗaya a mako.

A cikin babban aji kuma akwai sauƙin da malami zai yi masa ba tare da an kashe ko kwabo ba. A zaunar da shi a gaba. Kada a tashe shi ya yi karatu a gaban jama'a ba shiri. A rage masa yawan kwafe rubutu, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a kuma tambaye shi tarihi da kimiyya da baki, domin a san abin da ya sani ko da hannunsa bai iya rubuta shi ba. Bulala kuwa ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Dukan yaro domin ya kasa haɗa baƙi daidai ya ke da dukan mai in'ina domin harshensa ya sarƙe, ba ya ƙara masa kome sai tsoron littafi.

Malami ya kuma san abin da ba ya magani, domin ya tsare iyaye daga asara. A shekarar 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka suka fid da sanarwa tare, cewa tabarau masu launi da motsa ido ba su warkar da larurar karatu. Larurar ba ta rabuwa da mutum ɗungum, yawanci ya kan girma yana karatu a hankali, rubutunsa da 'yan kurakurai. Amma in an kama shi da wuri ya kan iya karatu har ya kai inda basirarsa za ta kai shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

7. Bambancin Hausa da Turanci

Larurar ɗaya ce a ko'ina, amma nauyinta ya danganta ga irin rubutun harshe. A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa suka gwada masu larurar daga Italiya da Faransa da Ingila. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni iri ɗaya, amma mutanen Italiya suka fi sauran karanta kalmomi daidai, saboda a harshensu kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi. Turanci kuwa sautukansa sun ɗara 40 kaɗan, amma hanyoyin rubuta su sun kai ɗaruruwa.

Rubutun boko na Hausa ya fi kusa da na Italiya, yadda a ke faɗa haka a ke rubutawa. Wannan gata ne ga yaron da Hausa ce harshensa, domin in an kafa masa haɗa baƙi a cikinta zai shiga Turanci da ƙafar dama. Amma gatan yana da tarko. Mai larura yana iya karanta Hausa daidai, sai dai a hankali ƙwarai, malami ya zaci lafiya, sai an shiga Turanci sosai abin ya fito fili. Saboda haka malami ya riƙa auna sauri tare da daidaito, ya ƙidaya kalmomin da yaro ya karanta daidai a minti ɗaya.

Hausa ma tana da nata wuraren tuntuɓe da ya kamata a nuna wa malamai. Akwai haruffa masu lanƙwasa, waɗanda ɗan ƙugiya kaɗai ya raba su da 'yan'uwansu: “kasa” da “ƙasa”, “daka” da “ɗaka”, “bari” da “ɓari”. Akwai tagwayen haruffa masu sauti ɗaya kamar “sh” da “ts”. Sa'an nan ba a rubuta tsawon wasali ko karin murya, har “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya su ke zuwa da kama ɗaya, sai jimla ta raba su.

8. Ina za a yi horon?

Wuraren suna nan. Kwalejojin ilmi su ne ke ba da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, a nan ne ya kamata kowane ɗalibin malanta ya sami hawa na farko. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana horar da malaman da ke bakin aiki. Domin ƙwararru kuwa akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilmin masu bukata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. An kuma taɓa horar da malamai koyar da karatun Hausa ta hanyar sauti a jihohin Bauci da Sakkwato, a ƙarƙashin wani shiri da Amurka ta tallafa daga 2015, wanda littattafansa su ke da suna Mu Karanta! Malaman da suka sami irin wannan horo sun riga sun yi rabin tafiya.

Abu ɗaya ne ya kamata a kiyaye. Taron bita na kwana uku, a raba takarda a watse, ba ya sake halin koyarwa. Horon da ya ke kama jiki shi ne wanda malami zai gwada abin da ya koya a kan yara na gaske, wani wanda ya fi shi sani yana zuwa ajinsa yana gyara masa, malaman makarantun da ke kusa kuma suna haɗuwa wata wata suna duba rubutun yaransu tare.

9. Aikin hakimi da malamansa

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta. Tara yara a makaranta rabin aikin ne, sauran rabin shi ne su fito sun iya karatu. Hakimi ba shi ne ke horar da malamai ba, amma bakinsa yana kai wa inda na malamin ƙauye ba ya kai wa. Ga abin da ke hannunsa.

Na ɗaya, in ya kai rangadi makaranta, bayan ya tambayi yawan yara, ya tambayi hedimasta yara nawa ne a aji biyu ba su iya haɗa baƙi ba, me kuma a ke yi musu. Tambayar nan kaɗai ta kan tashi makaranta tsaye.

Na biyu, ya nemi Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB ta jiha su sa malaman aji ɗaya zuwa uku na gundumarsa a cikin horon koyar da karatu, a kuma ware ko da malami ɗaya a kowane rukunin makarantu ya yi zurfi a kan larurar. In an horar da malami, ya roƙa kada a ɗauke shi daga ƙananan azuzuwa ko a yi masa canjin wuri nan da nan.

Na uku, ya yi amfani da kwamitin kula da makaranta, inda sarakunan gargajiya su ke da wakilci, a sami inuwa da tabarmi da rabin sa'a domin ƙarin darasi.

Na huɗu, ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni cewa in uba ya zo zai cire ɗansa domin wai ba shi da kan karatu, a dakatar da shi tukuna, a haɗa shi da malami, a ba yaron zango ɗaya na ƙarin darasi kafin a yanke shawara. A kuma hana kiran yara da sunayen wulakanci.

Malaman hakimai kuwa, su ne masu riƙe da alƙalami. Ya kamata su buɗe shafi a littafin gunduma, su rubuta sunan kowace makaranta, da yawan malamanta da suka sami horon koyar da karatu, da shekarar da suka same shi, da yawan yaran da suka bar makaranta kafin aji shida tare da dalilin da aka bayar. Sunayen yaran da a ke zaton suna da larura kuwa su tsaya tsakanin malami da iyaye, kada su shiga takardar da kowa zai gani. Da irin wannan lissafi ne hakimi zai je gaban hukuma ya yi magana da hujja.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa ne malami zai bincika kafin ya yi zaton yaro yana da larurar karatu?
2. Me ya sa a ke gwada yaro da kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana?
3. Bayyana hawa uku na horon malamai da rahoton 2009 ya kawo. Wanne ne ya fi gaggawa a gundumarku?
4. Don me larurar ta kan ɓuya a karatun Hausa ta fito a Turanci?
5. Malamai nawa ne a makarantun gundumarku suka sami horon koyar da karatu ta hanyar sauti, kuma a wane aji su ke koyarwa yanzu?